Ledojin Taki a Hammatar Baba

Baba ya faɗi ne a bayan gida, tsakanin rudun albasa biyu, da tsakar rana, cikin azumin da ya zo mana a tsakiyar bazara. Ni na tsince shi, kuma a lokacin na ɗauka mun rasa shi. Amma idan na fara daga nan ba za a gane girman abin da matata ta yi ba a ranar, sai na faɗi yadda gidanmu yake tukuna.

Mu manoman albasa ne, a wani ƙauye tsakanin Aliero da Jiga Birni. Ni na yi sakandare, na ɗan taɓa aikin ofis, na ga zaman kujera ba nawa ba ne, na dawo gona. Baba kuwa bai taɓa barinta ba. Idan an cire albasa mukan zuba ta a rudu, wato gadon kara da ake ɗagawa daga ƙasa a rufa masa ciyawa, ta zauna tana shan iska har kasuwa ta yi kyau. Kowace safiya Baba zai naɗe hannun rigarsa ya cusa hannu cikin albasar har kafaɗa, ya yi shiru kamar mai sauraron wani abu. In ya ji sanyi sai ya wuce rudu na gaba. In ya ji ɗumi, to ranar babu mai hutawa a gidan, sai an sauke rudun gaba ɗaya an tsince ruɓaɓɓun. Tsufa ya zo, hawan jini ya biyo baya, likita ya ce ya rage shiga rana. Baba ya ce likitan bai taɓa ajiye albasa ba.

Matata 'yar Maiyama ce, tana koyar da kemistiri a wata makarantar 'yan mata a Jega. Kowa Malama yake ce mata, har ni, sai dai ni nakan ja kalmar in ina neman tsokana. An ce in tana koyarwa har ajin da ke maƙwabtaka ake jin muryarta. Amma da ta hango hular Baba sai ta koma wata daban. Ta durƙusa, ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi. Kunyar suruki kowa na yi a wajenmu, tata dai ta fi ta kowa, shi ma kuma ya biye mata. Sun yi shekaru a gida ɗaya, ta haifa masa jikoki, amma in ban da gaisuwa ba su taɓa yi wa juna magana kai tsaye ba. Duk abin da za su faɗa sai ya bi ta bakin Inna, mahaifiyata, ko da kuwa suna kallon inuwar juna.

Sai ka ji Baba daga kan tabarmarsa ya ce, "Ki ce ma Malama miyagga ta yi daɗi."

Inna ta juya ta maimaita. Malama daga bakin murhu ta ce, "Inna, ki ce ma Baba na gode." Inna ta sake juyawa ta maimaita. Ni abin haushi yake ba ni, don na san kunnuwansu lafiya lau suke. Inna kuwa ta riƙe aikin da hannu biyu, wani lokaci ma takan ƙara gishiri a saƙon.

Rigimata da Malama a kan taki ce. Ina da ɗan ɗaki a soro inda nake ajiye takin zamani, har da yuriya, wannan farin mai ƙwaya kamar sukari. Duk manomi ya san wahalar da ake sha kafin buhu ɗaya ya shigo gida. Sai na lura bakin buhun yuriyata yana yin ƙasa, alhali ni ban taɓa ba, ɓera kuma ba ya cin taki. Wata safiya na kama ɓarawon da kwano a hannu, da jakar makaranta a kafaɗa. Malama ce, ta ce na ɗalibai ne, kayan gwajin makarantar ba su isa ba. Na tambaye ta ko ɗaliban nata albasa ne. Ta rufe kwanonta ta tafi tarar mota.

Da yamma ta rama. Inna tana yin sabulu tana sayarwa, kuma ranar ta jiƙa soda a babban bokitin roba tana juyawa da doguwar sanda, ta kawar da fuska saboda tururi. Malama ta kira ni, ta ce in taɓa jikin bokitin ta waje, kada in kuskura in taɓa ruwan. Na taɓa na janye hannu da sauri. Ta tambaye ni wa ya hura wuta a ƙarƙashinsa. Na ce babu. Ruwan randa ne Inna ta zuba, na gani da idona.

Sai Malama ta ɗebo ruwa daga randar nan dai a kwanon sha, ta zuba masa yuriyata cike da tafi, ta juya da cokali, ta miƙo mini. Kwanon ya yi sanyi ƙarara a hannuna, har raɓa ta fara keto masa ta waje. Na sha taɓa yuriya tun ina yaro, amma a bushe muke watsa ta, ban taɓa tsayawa na jiƙa ta a kwano ba. Na tambaye ta ta ina sanyin ya shiga.

Ta ce, "Babu sanyin da yas shiga. Zahi na yat tahi."

Ta yi mini bayani yadda take yi wa 'yan ajinta, ba ta rage mini komai ba. Ta ce wasu abubuwa in sun haɗu da ruwa, ko da junansu, ƙarfin da ke cikinsu yakan yi rara, sai rarar ta fito waje a matsayin zafi, kamar sodar Inna, kamar itace in yana ci, kamar siminti in yana kamawa. Wasu kuma akasin haka, sai sun samo ƙarfi daga waje kafin aikin ya yiwu. Ƙwayoyin yuriya ba za su rabu da juna su bi ruwa ba sai sun sami ƙarfin rabuwa, kuma daga zafin ruwan suke ɗauka. Ruwa ya rasa nasa sai ya ɗauka daga kwano, kwano ya ɗauka daga hannuna. Abin da nake kira sanyi, in ji ta, zafin hannuna ne nake ji yana fita. Zafi ba ya ɓacewa, wuri kawai yake sakewa.

Ashe Baba yana kan tabarmarsa yana kasa kunne. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ki tambayi Malama, shi zahin albasa wane iri na?"

Nan take Malama ta durƙusa, muryar aji ta ɓace. Ta gaya wa Inna a hankali cewa albasa ko an cire ta da ranta, tana numfashi, tana ƙona abincin da ta tara kaɗan-kaɗan, in ruɓa ta shiga kuma abin ya ƙaru, zafin ya taru a tsakiyar rudu ya rasa hanyar fita. Irin na soda ne, mai fitowa waje. Inna ta saurara har ƙarshe, ta juya wajen Baba ta ce, "Ta ce albasakka cin kanta takai."

Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Haka na."

Na ji daɗin bayanin, ba zan ɓoye ba, har na yi alfahari da ita a zuciyata. Amma taki taki ne. Ranar kasuwa na sayo kwaɗo na garƙame ɗakin.

To, a koma ranar da Baba ya faɗi. Asabar ce, Malama na gida. An daɗe ba a ga wutar lantarki ba, ƙanƙara kuwa sai la'asar masu babura suke kawo ta daga Jega don shan ruwa. Tun da safe iska ta tsaya, ko ganyen darbejiyar tsakar gida ba ya motsi. Baba ya cusa hannu a rudu na ƙarshe ya ji ɗumi. Na ce a bari sai rana ta yi sanyi. Ya ce albasa ba ta san ana azumi ba. Na ce to ya zauna a inuwa ni in sauke. Ya zauna, amma kafin in cika kwando ɗaya ya taso, wai ina jefa masa albasa kamar duwatsu. Muka yi ta aiki muna cacar baki har rana ta take. Na shiga gida in yi alwala, na ce ya biyo ni. Da na ga shiru na koma.

Yana kwance a gefe ɗaya, hularsa ta gangara cikin ɓawon albasa. Na ɗago shi na ji jikinsa ya fi bokitin sodar Inna zafi, kuma a bushe yake, babu ɗigon gumi. Idonsa a buɗe amma bai san ni ba, yana ta wasu maganganu da ba su haɗu ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na saɓa shi a kafaɗa na kawo shi gindin darbejiya, ina ihu a nemo ƙanƙara, alhali na san ko gidan wa aka shiga a ƙauyen ba za a samu ba. Inna ta fito tana salati, ta ɗebo ruwa a moɗa za ta ɗura masa a baki.

Malama ta fito daga ɗaki da ɗankwali, ko mayafi babu. Na ga ƙafafunta sun tsaya daidai inda suka saba tsayawa in Baba na tsakar gida, can wajen turmi. Tsayuwar ba ta daɗe ba. Ta ƙaraso ta riƙe hannun Inna.

Ta ce, "Inna, kak ki ba shi ta baki, shaƙe shi za ya yi. Zuba mai bisa jiki, ki ɗauko faifai ki yi ta hihita." Ta juyo gare ni da muryar da nake jin labarinta a Jega. "Kai kau ɗauko min buhun yuriya, da ledojin sabulun Inna."

Na ruga soro, na laluba aljihu, babu makulli. Har yau ban san inda na ajiye shi ba a ranar. Na ɗauki gatari na fasa kwaɗon da na saya da hannuna, na jawo buhun har gindin bishiya.

Malama ta durƙusa gaban buhun. Ta cika leda da taki tafi biyu, ta zuba ruwan randa, ta ƙulle, ta saka cikin wata ledar ta sake ƙullewa don kada ruwan takin ya taɓa fatarsa, ta girgiza. Kafin ta gama ta biyu ta farkon ta yi raɓa. Sai ta ɗauko almakashi ta kama wuyan rigar Baba, nan kuma ta dakata, ta dubi Inna.

Inna ta ce, "Keta, ɗiyata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ta keta rigar har ƙasa. Ta ɗaga hannun surukinta ta cusa leda a hammatarsa, ta zagaya ta cusa a ɗayar, ta sa biyu a gefen wuyansa. Ta ce nan ne manyan hanyoyin jini suke kusa da fata. Ta miƙo mini wasu biyu ta ce in sa masa a matsematsi, sannan in tafi in nemo mota, kada in tsaya ina kallonta.

Maƙwabcinmu yana da a-kori-kura da yake kai albasa kasuwa. Na same shi yana barcin azumi, na tashe shi ba da ladabi ba. Da muka dawo na tarar kan Baba yana kan cinyar Malama, tana shafa masa ruwa a fuska da gefen zanenta, Inna na fifita har tana haki, randa ta kusa ƙarewa. Muka shimfiɗa tabarma a bayan motar muka kwantar da shi, muka kafa masa zane don inuwa. Malama ta ce a ɗora buhun, da jarkar ruwa, da sauran ledoji. Inna ta shiga gaba, mu biyu muka hau baya.

Hanyar Aliero ba ta da nisa, amma ranar ta yi mini tsawo. Mota na tsalle, ni na riƙe kan Baba, Malama tana durƙushe tana haɗa sabuwar leda, ta zare tsohuwa ta maye gurbinta. Ina ta addu'a, duk wadda ta zo bakina. Can ta zaro wata daga hammatarsa ta ɗora mini a tafin hannu. Ledar da na ga tana raɓa a gida yanzu ta yi ɗumi kamar ruwan wankan jariri.

Ta ce, "Ka ji? Wanga zahin cikin jikin Baba yake ɗazu. Yanzu ga shi hannunka."

Na riƙe ledar na fashe da kuka, ni da nake ganin na fi ƙarfin kuka a gaban mace. Ba ta lallashe ni ba, ta ce in buɗe mata bakin wata ledar.

Muna gab da shiga gari Baba ya motsa. Ya ƙifta ido, ya dube ni, ya kira ni da sunan da yake kirana tun ina ƙarami. Sannan ya ga wadda ke durƙushe a kansa, ya ga rigarsa a kece, ya fara laluben abin rufa ƙirji. Malama ta tabbatar yana iya haɗiya, ta tsiyaya ruwa mai kyau a murfin jarka ta kai bakinsa. Ya kawar da kai, ya ce yana azumi. Na roƙe shi, ya ƙi. Na yi masa faɗa, ya rufe ido. Hali zanen dutse.

Sai na ji Malama ta ce, "Baba, sha. Allah bai ce ka kashe kanka ba. Ka rama bayan salla."

Baba ya buɗe ido ya waiga yana neman Inna, don a ƙa'ida ita ya kamata ta kawo masa wannan saƙon. Inna na gaban mota, gilashi ya raba su. Ya dubi Malama, wadda karon farko ba ta sunkuyar da kai ba. Ya buɗe baki ya sha.

A asibiti suka karɓe shi da sauri suka sa masa ƙarin ruwa. Likitan ya ɗaga leda ɗaya ya tambayi abin da ke ciki, Malama ta gaya masa, suka yi 'yar magana irin tasu ta masu boko. Daga baya ya ce mini a irin wannan faɗuwar abin da ake tsere da shi shi ne a sauke zafin jiki tun kafin ya taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, kuma an fara saukewa tun daga gida. Baba ya ɗan kwana biyu a can. Tambayar farko da ya yi da ya dawo hayyacinsa sosai ita ce ko an gama tsince rudun. Ba a gama ba, rabinsa ya ruɓe, kuma ya ɗora laifin a kaina.

Na ɗauka bayan wannan an gama da kunya a gidanmu. Ina. Ranar da aka sallamo shi Malama ta shige ɗaki ta saki labule, ko gaisuwar ma daga ciki ta yi. Ta ce mini ba ta san da wane ido za ta dube shi ba, ita da ta keta masa riga ta kuma daka masa tsawa a bayan mota. Na ce ba tsawa ba ce. Ta ce a kunnenta tsawa ce. Mamaki ya kama ni, ga mace ta ja mutum daga bakin kabari, ta dawo tana ɓuya kamar ta yi sata.

Da yamma bayan an sha ruwa Baba ya zauna a tabarmarsa gindin darbejiya, ya rame, muryarsa ta yi ƙasa. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ki ce ma Malama..."

Inna ta katse shi. "Ni na aje wanga aiki. Wadda tag ga haƙarƙarinka tana jin ka."

Yara suka bar wasa. Baba ya daɗe yana murza carbi. Sannan ya fuskanci labulen ya ce, "Ɗiyata."

Labulen ya motsa. Ta fito ta durƙusa wajen turmi, inda ta saba. "Na'am, Baba."

"Matso." Ta matso kaɗan. "Zahin nan da kic cire min, ina kik kai shi?"

Ta ce, "Ya shiga ruwan ledoji, Baba, ruwan ya ba iska. Shi kau ruwan takin na ƙara mai ruwa da yawa na ba zogale."

Baba ya juyo gare ni ya ce, "To ka ji. Ko takin naka bai ɓace ba." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya sa mata albarka, doguwa, da bakinsa, ita kuma tana amsawa da amin hawaye na zuba a kan zanenta.

Har yanzu tana durƙusa masa, har yanzu yana shiga rana in na juya baya. Kwaɗon da na fasa yana nan rataye a ƙofar ɗakin taki, ban sayi wani ba. Da lokacin shuka ya zagayo na shigo da sabon buhun yuriya, Baba ya ce in kwance bakin a gabansa. Ya cika kwano har ya yi tozo, ya ce na 'yan makaranta ne. Inna ta miƙa hannu za ta karɓa, ya ce ta bar shi. Ya dogara sandarsa ya taka har ƙofar ɗakin Malama, ya yi sallama, ya ba ta hannu da hannu.